GISHIRI, DUNƘULE DA KANWA: YADDA HAWAN JINI KE SHIGOWA GIDA TA TUKUNYA

Bismillahir Rahmanir Rahim.


 Cikin tambayoyin da ake turo mana babu wadda ta kai ta hawan jini yawa. Wannan ya ce wane haɗi zai sha, waccan ta ce habbatus sauda da tafarnuwa sun isa ko sai an ƙara da man zaitun, wani kuma ya ce ya gaji da ƙwayar asibiti, a ba shi abin da zai raba shi da ita. Duk za mu taɓo su a ƙasa in sha Allahu. Amma akwai tambayar da kusan babu mai yi, alhali ita ce kan gaba: gishiri nawa ke shiga tukunyar gidanku a rana? Mutum zai sha cokali ɗaya na magani da asuba, sannan ya ci abin da ke tayar da ciwon sau uku a yini, ya dawo yana cewa maganin ba ya aiki.

Don Allah maigida ya karanta wannan, uwargida ma ta karanta, domin gyaran na mutum biyu ne.

*Me gishiri ke yi a jiki?*

Gishiri ni'ima ne, jiki ba ya rayuwa sai da shi. A cikinsa akwai sinadarin sodiyam, wanda jijiyoyi da tsoka ke aiki da shi. Sai dai abin da jiki ke buƙata ɗan kaɗan ne. Shi sodiyam ɗabi'arsa riƙe ruwa. Idan ya yi yawa a jini sai jiki ya tara ruwa don ya tsarma shi, shi ya sa kake jin ƙishirwa bayan ka ci tsire mai yaji. Ruwan nan yana ƙara yawan abin da ke gudana cikin hanyoyin jini, zuciya kuma dole ta ƙara ƙarfi wajen harbawa. Kamar tiyon ban ruwa ne da aka ƙure wa famfo: yau ba komai, gobe ba komai, amma bayan shekaru bangon tiyon ya gaji, wani wuri ya yi tauri ya ƙuntata, wani wuri ya yi rauni. In jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta fashe ko ta toshe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In na ƙoda ne suka lalace, sai a wayi gari ana maganar wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kuma kowa ya san abin da wannan ke yi wa aljihun iyali. In zuciyar ce ta gaji, sai kumburi da haki.

Abin da ya sa ciwon ke da haɗari shi ne yawanci ba ya ciwo. Mutum yana noma, yana zuwa kasuwa, yana jan sallah a masallaci, jininsa yana sama shekara da shekaru bai sani ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Ƙari a kan haka, likitoci sun daɗe da lura cewa mu baƙar fata jininmu ya fi saurin hawa saboda gishiri idan aka kwatanta da Turawa. Ashe mu ya fi kamata mu kula.

*To nawa ne ya isa?*

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi kada ya kai giram 5 na gishiri a rana. Giram 5 shi ne kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a shafe bakinsa, ba a yi masa tozo ba. Kuma wannan lissafin ya haɗa da komai: na miya, na burodi, na yaji, na abin da ka saya a hanya. Yara kuwa nasu bai kai haka ba. Matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya haura giram 10, wato ninki biyu.

Mu yi lissafi a tukunya ɗaya. Dunƙulen da ake sa wa miya, ko wane kamfani ya yi shi, kusan rabin nauyinsa ko fiye gishiri ne zalla. Ƙaramin dunƙule mai giram 4 yana ɗauke da gishiri wajen giram 2. Mu ɗauka gida ne na mutum takwas, za a yi miyar kuka ta dare. Uwargida ta ɓare dunƙule shida, giram 12 ke nan. Ta ɗebo gishiri babban cokali ɗaya, ya haura giram 15. An kusa giram 30, ba a sa farin magi ba, ba a sa kanwa ba. A raba wa mutum takwas, kowa ya tashi da fiye da giram 3 a tuwon dare kaɗai. Saura ɗumame ko ƙosai da yaji da safe, saura garau-garau da rana wanda ake barbaɗa wa dunƙule da gishiri a kan faranti. Kafin isha'i an ninka ƙa'ida, kuma babu wanda ya ji abincin ya yi gishiri, domin harshe ya saba.

Kuskuren da aka fi yi ke nan: likita ya ce wa Baba ya rage gishiri, sai a daina zuba gishirin a ƙara dunƙule biyu don miya ta yi ɗanɗano. An fitar da shi ta ƙofa, ya dawo ta taga. Farin magi ma akwai sodiyam a cikinsa, duk da bai kai na gishiri ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Matsalar ita ce ba a sa shi a madadin gishiri, ana jibga shi ne a kan gishiri da dunƙule.

Sai yaji. Yajin da ake dakawa a gida ko a saya a ƙulle, a tambayi mai dakan dunƙule nawa ta zuba a turmi. Da shi ake cin awara, ɗanwake, gurasa, dankali, waina, har mangwaro ɗanye da yara ke dangwala. Taliyar yara mai leda, ɗan ƙullin garin da ke cikinta kaɗai na iya kai wa kusan rabin abin da aka ƙayyade wa babba a rana, mu kuma yaro ɗan shekara biyar muke dafa wa guda biyu, har a ƙara dunƙule. Kilishi, kifin gwangwani, tumatirin leda mai haɗin kayan ɗanɗano, da burodi wanda ba a jin gishirinsa amma yana ciki, duk suna cikin lissafi.

*Maganar kanwa da mai jego*

Nan zan ɗan daɗe, domin rai ake magana. Kanwa, ja ce ko fara ko ungurnu, ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, shi ya sa mutane ba sa lissafa ta. Amma asalinta gishirin sodiyam ce. Muna sa ta a wake don ya yi saurin nuna, a miyar kuɓewa don yauƙi, a ɗanwake, a ƙullun waina. Ɗan wannan da sauƙi idan ba a cika ba, ko da yake tana kashe wani ɓangare na bitamin da ke cikin wake da ganye. Inda abin ya yi tsanani shi ne kunun kanwa na jego, wanda ake dama shi da kauri, a cika kanwa, a ba mace kofi-kofi kullum har ta yi arba'in, wai don nono ya kawo kuma ciki ya wanku.

Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura matan Hausawa na zuwa da gazawar zuciya bayan haihuwa fiye da yadda aka saba gani a wasu ƙasashe. Suka danganta abin da yawan kanwar da ake sha, haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar hawan jinin da mace ta shiga haihuwa da shi, da rashin wadataccen abinci, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Ke nan ba kanwa kaɗai ba ce. Amma ko ma mene ne asalin raunin, zuciyar da ta ɗauki nauyin ciki wata tara ba ta buƙatar a ƙara mata lodin ruwa da sodiyam. Macen da aka ce jininta ya hau lokacin goyon ciki, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, wannan kam kada a ba ta kunun kanwa ko kaɗan.

Iyayenmu mata, mun san da ƙauna kuke yi, haka aka yi muku, haka kuka ga an yi. Amma babu aya ko hadisi da ya ce mai jego ta sha kanwa, al'ada ce, al'ada kuma idan ta zo da cuta ana ajiye ta. A dama mata kunun gyaɗa, kunun tsamiya, kunun alkama ko na gero da madara. A ba ta farfesu mara gishiri da yawa, ƙwai, wake, zogale, ta sha ruwa sosai. Abin da ke kawo nono shi ne yawan shayarwa da ƙoshi da hutu. Idan kuma mai jego ta fara haki daga ɗan motsi, ƙafafu suka kumbura, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matashi, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata ruwan zafi. A kai ta asibiti a ranar.

*"Ai gishiri sunna ne"*

Akwai saƙon da ke yawo a waya cewa wai an umarci Sayyidina Aliyu (RA) ya riƙa buɗe cin abinci da gishiri ya rufe da shi, wai yana maganin cuta saba'in. Malaman hadisi sun yi bayani a kansa tun da daɗewa: Ibnul Jauzi ya kawo shi cikin hadisan ƙarya, Ibnul Ƙayyim ma ya ƙaryata shi. Wanda kuma ke cikin Sunan Ibn Majah da ke fifita gishiri a kan sauran mahaɗan abinci, malamai sun raunana isnadinsa. Saboda haka kada mai hawan jini ya riƙa lasar gishiri kafin cin abinci yana zaton lada yake samu. Jingina wa Manzon Allah (SAW) abin da bai faɗa ba zunubi ne babba, balle kuma abin ya zama yana cutar da bayin Allah.

Abin da ya tabbata shi ne hanin da Allah ya yi a kan israfi wajen ci da sha a Suratul A'araf aya ta 31, da hadisin Miƙdam ɗan Ma'adi Karib (RA) a Tirmizi, wanda ya koyar da a raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Wannan hadisin ma yana da ruwa da tsaki a maganarmu, domin wanda ya rage malmalar tuwo ya rage miyar da zai ci da ita, gishirin ya ragu, tumbi ya ragu, ƙiba kuwa ita ma tana tayar da jini.

Wasu kuma sukan ce su ba sa cin gishirin kanti, sai na gargajiya: manda, ko kantun Bilma, ko wani jan gishiri da ake cewa daga duwatsun Himalaya aka kawo shi, ana sayarwa da tsada. Duk sodiyam ne, jini bai san bambancinsu ba. Gishirin leda ma ya fi su da abu ɗaya, an sa masa sinadarin aidin da ke kare mutum daga maƙoƙo kuma yake taimakon ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. A ci gaba da amfani da shi, a rage yawansa kawai. Masu cewa zafin ƙasarmu ya sa dole mu ci gishiri da yawa saboda zufa, gaskiya ne manomi da lebura da ke yini a rana suna zubar da gishiri, amma abincin yau da kullum yana mayar musu da shi. Ruwa suka fi buƙata. Mai zama a shago ƙarƙashin fanka kuwa ba shi da wannan uzurin.

*Yadda za a rage ba tare da rigima a gida ba*

Maigida, daga kanka za a fara. Mata da yawa suna cika dunƙule ne don tsoron a ture kwano a ce miya salam, ko a ce ta ɗakin can ta fi iya girki. A gidan da ake gasar girki tsakanin kishiyoyi, jinin maigidan ne ke biyan kuɗin gasar. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Ka tara iyalinka ka faɗa da bakinka cewa kai ka ce a rage, kuma ba za ka yi ƙorafi ba.

Uwargida, kada ki yanke gaba ɗaya rana guda, za a ƙi cin abincin ki koma gidan jiya. In shida kike sawa, ki koma biyar na mako biyu, sannan huɗu, sannan uku. Harshe yana sabawa cikin wata ɗaya zuwa biyu, har ya kai in kin ci abincin biki ki ji gishirin ya yi miki yawa. Ki daina ɗiban gishiri da hannu, ki ware cokali guda ki san awonki. In kin sa dunƙule ki rage gishiri, in kin sa gishiri ki rage dunƙule, kada su taru su uku da farin magi. A ɗauke robar gishiri da dunƙule daga wurin cin abinci. Wake kuma a jiƙa shi tun dare, zai nuna da wuri ba sai an nemi kanwa ba.

Kakanninmu da daddawa suka yi miya kafin dunƙule ya zo, kuma miyarsu ba ta yi salam ba. Daddawar kalwa tana da irin ɗanɗanon nan da ake nema a dunƙule, Allah ya halitta shi a cikinta, ga ta da amfani a jiki. Sai dai a kula, wasu masu sayarwa na zuba mata gishiri don kada ta lalace, a ɗanɗana kafin a saya. A haɗa da albasa mai yawa a soya ta har ta yi ja, da tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro, kimba, da garin busasshen kifi ko ƙashin nama a tafasa ya ba da romo. Tsami ma yana rufe gurbin gishiri a harshe: lemon tsami a kan kwaɗon zogale, tsamiya, yakuwa a miyar taushe, ko khal, wanda ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci. Yaji kuwa a daka na gida da ƙuli-ƙuli da citta da barkono, gishirin ɗan kaɗan.

Kuma kada a ware wa Baba tukunyarsa shi kaɗai kamar wanda aka yi wa horo. Da wuya hakan ya ɗore. A rage wa gida duka, yaran ma su tashi da harshen da bai saba da gishiri ba.

*Abin da ke taimakawa, da abin da ke ƙara ta'azzara ciwon*

Akwai sinadarin fotasiyam, wanda ke taimaka wa ƙoda fitar da sodiyam ta fitsari. Yana cikin abin da ke kasuwarmu da araha: wake, dankalin Hausa, kabewa, alayyahu, zogale, rama, tumatir, ayaba, lemo, kankana, gwanda, dabino. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana. A sauƙaƙe, kada a yi yini ba ganye a kwano, kuma in da hali a ci ɗan itace ko ɗaya ne. Amma wanda aka riga aka ce ƙodarsa ta taɓu, shi fotasiyam na iya taruwa a jininsa ya cutar da zuciya, sai ya bi abin da likitansa ya tsara masa.

Zoɓo an gwada shi, yana ɗan sauke jini, da sharaɗin ba a cika shi da sukari da garin ɗanɗano na leda ba. Mai ciki ta bar yawan shan sa. Habbatus sauda falalarta ta tabbata a Bukhari, kuma gwaje-gwajen da aka yi sun nuna tana ɗan rage awon jini, haka ma tafarnuwa. A lura da kalmar "ɗan". Wanda jininsa ke 170 ba zai dawo daidai da su kaɗai ba. A sha su a matsayin taimako, a gaya wa likita ana sha, musamman mai shan maganin tsinka jini.

Ga gargaɗi ga masu zuwa shagunan magungunan Musulunci: irƙus sus, saiwar nan mai zaƙi da ake sa wa haɗin tari da na gyambon ciki, yana tayar da jini sosai idan aka daɗe ana sha, yana kuma zubar da fotasiyam. Mai hawan jini ya tambayi abin da ke cikin kowane haɗi kafin ya saya, in akwai shi ya bari. Haka masu jiƙa kanwa su sha don ƙwannafi ko kumburin ciki, su daina.

Ƙwayar asibiti kuma ba a ajiye ta don an ji sauƙi ko don an fara gyaran abinci. Neman magani umarni ne na Annabi (SAW), bai saɓa wa tawakkali ba. In gyaran tukunya ya yi aiki, awo ne zai nuna, likita ne kuma zai rage maganin da kansa. Duk wanda ya kai shekara 40, ko akwai ciwon a danginsu, ya riƙa auna jininsa ko a kemis ne, ya rubuta a takarda da kwanan wata. Ƙasa da 120 bisa 80 shi ne lafiya lau. In ana samun 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban, a ga likita. In ya kai 180 bisa 120, ba a kwana da shi a gida.

Idan kuwa bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu da ƙafa na gefe guda suka saki, ko harshe ya harɗe, kada a tsaya ana cewa iska ce ta buge shi ko jifa aka yi masa. A yi masa addu'a da ruƙiya a cikin mota ana tafiya asibiti, domin awannin farko su ne ake iya ceto ƙwaƙwalwa a cikinsu. Kada a ɗura masa zuma ko ruwa ko man habba a baki, yana iya shaƙewa ya wuce huhu.

Wurare biyu ne wannan bayani bai hau kansu yadda aka zata ba. Mai gudawa da amai, babba ko yaro, a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda yadda aka rubuta a jiki, ko da yana da hawan jini, domin a lokacin jiki zubar da gishirin yake yi. Jaririn da bai cika shekara ba kuma ba a sa wa abincinsa gishiri ko dunƙule sam, ƙodarsa ba ta yi ƙwarin tace su ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya sa kaffara ne. A tura wa 'yan uwa, musamman gidan da ake da mai jego.